Kofin da Ke Kuka a Teburin Gefen Taga

Zuwa ga Hauke, fitilar gaɓar tekuna, ɗumin jikina a ƙasar ƙanƙara, numfashin Wiebke,

Kai masoyi! Kana can a ɗaya jirgin kamfaninmu, rataye da igiya kana wanke tagogin attajirai masu yawon shan iska, teku ya hangame baki a ƙarƙashinka. Ni ina nan ina zuba wa irinsu giya, hazo ya rufe mu ruf a gaɓar Norway. Wace irin ƙauna ce wannan, ruwa ya haɗa, ruwa ya raba?

Ka tuna haɗuwarmu a Hamburg? Na bugi kofin gilashi ya ɗau ƙara, ka yi wuf ka ɗora yatsa a bakinsa. Ka ce, "Ke 'yar nan, kashe ni za ki yi? In aka bar kofi ya yi kuka har ya gaji don kansa, ruwa zai ci wani ma'aikacin jirgi." Na yi ta dariya. Yau ba na dariya.

Hauke, akwai kofi a teburin gefen taga da ke kuka ba wanda ya taɓa shi. Na canja shi, sabon ma ya ɗauka. Siririyar murya, kamar mai kira daga ƙarƙashin ruwa. Kullum sai in yar da abin da ke hannuna in ruga in danne shi. Ran Talata hannuna cike da farantai, na ɗan makara. Washegari saƙonka ya iso, wai igiyarka ta zame, da ƙyar aka cafko ka. Wayyo ni! Tsoro nake ji, rabin raina, tsoro.

Jiya garin sauri na kifar da kofin, giya ta ɓata rigar wata attajira. Oga Brodersen, shugabanmu, ya ce, "Ke da camfinki, a tashar Bergen za ku sauka." Wadda za ta gaje ni, Resi, 'yar tsaunukan Bavaria ce, ba ta san teku ba. Na roƙe ta ta riƙa danne kofin, ta taɓe baki ta ce, "Haba, ƙara mai daɗi haka? Ni sai na saurara har ta ƙare."

Jibi za mu isa Bergen. Hasken idona, ka kwance igiyar nan! Ka yi ƙaryar ciwo, ka bari su kore ka, ka taka tudu ko na wace ƙasa ne. Daga jibi babu sauran mai danne maka kofi.

Taka, a tudu ko a ƙarƙashin ruwa,
Wiebke