Bature Bahago da Durom ɗin Sale

Ruwais, Jidda.
Watan Rajab, 1432.

Zuwa ga Sale, abokin tafiyata daga Funtuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina sanar da kai cewa har yanzu ban huce ba. Shekara talatin da ɗoriya ina jiran ka janye sunan da ka laƙa mini a gaban jama'a, ba ka janye ba. Makon jiya wata Hajiya daga unguwarku ta zo umra, ta neme ni har gidan da nake gadi, ta ce an binne ka tun kafin azumin bara. Wato ka tafi da maganarka yadda ka faɗe ta.

Bari in tuna maka, don na san ka da mantuwa a kan abin da bai yi maka daɗi ba.

Tare muka sauka Jidda aikin hajji, tare muka maƙale. Ni ina da takardar shaidar malanta, na koyar da Turanci a sakandare, ina ganin ofis ne zai neme ni. Kai ko sunanka ba ka iya rubutawa da boko ba. Babu iƙama, wato takardar zama, babu kafilin da zai tsaya mini, takardata ta malanta ta koma abin fifita. A ƙarshe wuri ɗaya ya ɗauke mu: hosh ɗin Alhaji Babikir a Bagdadiyya, filin nan mai katanga da yake haska fim a ciki idan rana ta faɗi. Shi, Bahaushen Sudan, shi ke jan majigi. Ni ina tsaye a gefen farin yadin da aka ɗaure a matsayin allo, ina fassara wa 'yan uwanmu Takari abin da Turawa ke faɗa. Kai kuma an ajiye ka a bayan yadin da wofin durom ɗin mai da guntun ƙarfe, saboda lasifikar Babikir ta tsufa, ƙarar bindiga a cikinta kamar tarin akuya. Duk sanda aka yi harbi sai ka maka wa durom.

Ba fim ɗin da ya cika hosh kamar na ɗan sandan cikin nan, dogon Ba'amurke marar fara'a mai ƙatuwar libarba. Idan ya zaro ta, wurin kan yi tsit. Idan ya harba, kai kuma ka saki hannu, har 'yan Yaman da ke kan katanga sai sun dafe kunne.

Da ka tsaya a dukan durom da ba mu ɓata ba. Sai ka zama malamin bindigar. A teburin mai shayi ka ce guda ɗaya tak aka ƙera a duniya, aka yanke hannun maƙerin don kada ya sake. Ka ce harsashinta na ratsa injin tirela ya fita yana neman wani. Ka ce mutanen da ake harbewa fursunoni ne da aka riga aka yanke wa hukuncin kisa, gwamnatin Amurka ke sayar wa masu fim su. Har akwai wani dattijo ɗan Damagaram da yake juya baya idan za a yi harbin, wai ba zai zama shaidar kisan kai ba.

Ni kuwa na samo mujallar Turanci a wurin masu tsofaffin littattafai a Balad, tsakiyar tsohon gari, irin wadda ma'aikatan jirgin ruwa ke barowa. Na karanta, na zo na faɗa muku gaskiya. Na ce libarba ce mai cin harsashi shida, ana sayar da ita a kanti, kuma tun asali mafarauta aka yi wa ita. Na ce ba ita ce mafi ƙarfi a duniya ba, ko da shi ɗan sandan ya yi wannan kurin. Na ce ba guda ɗaya aka yi aiki da ita a fim ɗin ba, wadda ke jikin hoton tallar fim ɗin ma ta fi dogon baki, don ta cika ido. Na ce bayan fim ɗin Amurkawa sun yi ta rububin sayenta, da yawa suka harba sau kaɗan, ta haure su kamar jaki, suka maida ta kasuwa. Na tuna maka baƙin mutumin nan da muka gani kwance cikin jini a fim ɗin ɗan sandan na farko, ga shi ya sake fitowa a na biyu da sabuwar riga. Ka ce tagwayensa ne.

Sai na kawo ta ƙarshe. Na ce harsashin da ake sawa a fim ba shi da dalma, albarushi ne kawai, ƙara da hayaƙi. Ka ajiye kofinka, ka dubi jama'a, ka ce, "To ai shi ma Malam albarushi ne, ƙara da hayaƙi, ko ƙadangare bai taɓa kashewa ba." Aka kwashe da dariya. Babikir ya ce halas, an gama magana. Daga ranar na zama Malam Albarushi, daga Bagdadiyya har Ammariyya. Mutumin da ya karanta ya zama abin dariya, maƙaryaci ya zama mai ba da fatawa. Na daɗe da gane haka duniya take, amma a teburin nan na fara koyo.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta hannu. Ka rantse da Allah cewa Baturen bahago ne, da hagu yake riƙe bindigar, kuma wai nan sirrin yake. Na yi maka bayani har bakina ya bushe: kai a bayan yadi kake zaune, komai a juye kake ganinsa, damansa ita ce hagunka. Ba ka taɓa kallon fim ɗin ta gaba ba, ko sau ɗaya, saboda durom. Amsarka kullum ɗaya ce: "Zo ka zauna inda nake zaune." Ban je ba. Ina malamin sakandare, me zai kai ni tsuguno a bayan zane kusa da kwata?

Bayan tashin hankalin nan da 'yan bindiga suka mamaye Masallacin Harami aka rufe wuraren haska fim. Babikir ya sayar da majigi ya koma tuƙin mota. Kai ka shiga wankin motoci, ni na yi ta shiga wannan in fita wancan har na ƙare a ɗakin gadi a Ruwais. Muna haɗuwa ranar Juma'a, mu ci waken ful da gurasar tamis, mu ɗora gardamar daga inda ta tsaya.

Da ƙarfinka ya fara ja baya, sai ka ɗaure kayanka a buhu ka tafi ƙarƙashin gadar nan ta titin Sittin, inda marasa takarda ke zama suna jiran hukuma ta kwashe su ta kai su gida kyauta. Ka zo ka ce in taso mu tafi. Ka ce, "Gida gida ne, ko da silifa ɗaya ka koma." Kai kana iyawa. Ni yaran da na koya wa baƙi da wasali sun zama manyan ma'aikata, ba zan sauka Kano a jirgin korarru su gan ni ba. Na kai maka ruwa da burodi ƙarƙashin gadar kwanaki kaɗan. Wata safiya na je na tarar da kwalin da kake kwanciya a kai, babu kai.

Kowace shekara alhazai na kawo mini saƙonka: a gaya wa Malam Albarushi ya dawo, an ware masa ɗaki a zaure. Kowace shekara ina maida amsa: a gaya wa Sale ya fara kirana da sunan da ubana ya raɗa mini. Kada ka zaci zan ce na yi kuskure. Gaskiyata ce a kan bindigar, gaskiyata ce a kan sunan.

Bayan Hajiya ta tafi na sauka Balad, na sayo finafinan duka a faifai wurin wani ɗan Bangaladesh. Ina da ƙaramin talabijin da masu gidan suka yar. Na kalla ni kaɗai, a tsanake, babu wanda nake fassara wa. Duk abin da na faɗa haka yake, Sale. Da dama yake riƙe ta. A fim na biyu ma da bakinsa ya ce harsashi mai sauƙi yake sawa don ya iya sarrafa ta. Na juya zan ce ka ji ko, sai na ga bango.

Akwai tsohon madubi a jikin ƙofar ɗakina. Na juya talabijin ɗin ya fuskance shi, na ja kujera na zauna a gefe. Sai ga Baturenka, bahago sak, yana ɗaga libarba da hagu. Na daɗe ina kallonsa. Ya fi kyau a haka, ban san dalili ba.

Da ya harba kuma, sai na ji wani ɗan tas, kamar an fasa leda. Na ƙure murya, duk ɗaya. Ashe wannan ƙarar da ke girgiza mini ƙirji, wadda nake ji a kunnena duk shekarun nan idan an ambaci fim ɗin, ba ta taɓa fitowa daga Amurka ba. Hannunka ne a kan durom ɗin Babikir.

Allah Ya jiƙanka, Sale. Ya yafe maka ƙaryar teburin shayi, da ta tagwaye, da ta maƙerin da aka yanke wa hannu. Ya yalwata maka kabarinka, Ya ba ka littafinka a hannun dama, na gaskiya, ba na bayan yadi ba. Ni kuma Ya kyautata ƙarshena a ƙasar da ban da takardar zama a cikinta.

Wassalam.

Naka,
Isiyaku.

A nan Ruwais "ya hajj" suke ce mini. Babikir ya rasu, mai shayi ya rasu. Kai ne mutum na ƙarshe da ke kirana Malam Albarushi.