Baitin Rarrashin Jariri

Zuwa ga yayana Malam Habu,

Gaisuwa mai yawa kamar hatsin kaka. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da zaman Kumasi.

Bayan haka, darektan lakwal, wato shugaban makarantar boko, ya ce zai karɓe mini yaran da nake koya wa waƙar bikin ƴancin kai, muddin ba su daina ihu ba. Sun saba da karatun allo, inda mai ɗaga murya shi ne mai ƙwazo. Na ce musu, "Baitin farko rarrashin jariri ne, amshi kuwa kiran mutum daga ƙarshen gona."

Jiya darektan ya zo ana baitin farko, sai ya shigo da sanɗa, kamar kada ya ta da jaririn. Ya bar mini su.

A sa mu cikin addu'a. Ka gai da Yaya Hadiza.

Ƙaninka Mamman, Damagaram