Rijiyar Goggo

Hamma Sa'idu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya Adda da yara? Mu a Jalingo lafiya, sai abu ɗaya.

Sakamakon gwajin ruwan rijiyoyin garin Iware da na yi ya fito, kuma rijiyar Goggo na cikin masu guba. Na kai bayanan zuwa laburaren jami'a, ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce, "An adana, Malama. Ba mai gani sai abokan aikinmu na Turai sun wallafa."

Na roƙi Goggo ta daina sha, ta ce rijiyar ta girme ni. Mai unguwa kuwa ya ce ba zai rufe ta ba sai ya ga takardar sakamakon. Jikoki na nan suna sha.

Don Allah ka kira ta yau, Hamma. Kai take ji ko ba takarda.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Adda.

Ƙanwarka,
Hajara