Ƙanƙarar da Ba Ta Sauka a Allakaye Ba

Tulus, Faransa, 24 ga Agusta 1986

Zuwa ga ƙanena Muntari a Allakaye,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya, kai da su Baba da Inna, da yaran da kake koyarwa a lakwal. Ni ma lahiya lau.

Takardarka ta iso jiya. Ka ce Baba ya sa ranar yanke gero tun yana tumu, don tsoron ƙanƙarar da ya ji wai na hango.

Ban hango komai ba. Taswirar nan na aiko maka ne don ka yi dariya, kai da ka yi boko, ba don ka shimfiɗa ta a ƙofar masallaci ba.

Ga bayanin, ka karanta wa Baba da Hausa, sannu a hankali. Aikin da meteyo, hukumarmu ta yanayi, ta turo ni koya shi ne auna kaurin dusar ƙanƙara, wani farin abu mai taushi da ke rufe ƙasashen sanyi. Ba ƙanƙarar da ke fasa zangarniya ba ce. Tauraron ɗan'adam yana jin ɗumin da ƙasa ke fitarwa. In dusar ta yi kauri, ɗumin sai ya raunana, na'ura ta lissafa zurfinta. To busasshen rairayi da duwatsun Adar ma suna raunana shi, sai na'urar ta ruɗe ta shafa mana fari tun daga Keita har Madawa. Muna da lissafi na biyu, mai bin ruwan sama da sanyin ƙasa, shi kuwa ya ce babu ko ƙwaya. Aikina ke nan kullum: goge irin wannan kuskure. Bayan haka, taswirar ta Janairun da ya wuce ce. Ka ga ƙanƙara a Janairu?

Kalma biyu na rubuta, dusar ƙanƙara. Kai ka haɗiye ta farko.

Ka roƙi Baba ya bar gero ya nuna. Wanda aka yanke ɗanye ba ya zama a rumbu, ka sani, shi ma ya fi mu sani.

Ka gaida Sa'a da kowa da kowa.

Wanka,
Halidu

Tulus, 19 ga Satumba 1986

Muntari,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina jikin Inna?

Na ga amsarka. Ka ce ka karanta, Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce dusa ce ko tsaki, ƙanƙara dai ƙanƙara ce. Kuma ɗan da ya ga abu ya dawo ya ce bai gani ba, Nasara ne suka hana shi faɗi. Na karanta wannan layin sau da yawa. Shekarar da ƙanƙara ta kwantar masa da gona ina ƙarami, amma na tuna abin da muka ci a bazarar. Ban ga laifinsa ba. Naka nake gani, tunda ka ce har Alhusaini maƙwabcinmu ya wasa lauje, kuma labarin ya kai kasuwar Buza wai zurfinta har gwiwa, alhali santimeta goma aka rubuta.

Nan kuwa malamina ya ji labarin ya yi dariya, ya ce zai ba da shi misali a taro. Ni ban yi ba. Geron gidanmu ne.

Abin da ban gane ba a takardarka shi ne maganar nan, "Baba ya sassauta." Sassauci kala-kala ne. Ya fasa ne, ko ya ɗaga ranar, ko gonar tudu kaɗai zai yanke? Kai mushe ne. Da yaro ya rubuta maka haka da ka ja masa jan biro.

Ban jira ka ba. Na buga waya wa Nuhu, abokin aikina na meteyo a Buza, na roƙe shi ya hau moto ya je ya gaya wa Baba baki da baki, da rigar aiki a jikinsa. Amsarsa ta zo yau da safe. Kwari ya cika, bai iya ƙetarewa ba, sai ruwa ya janye. Daga gaɓa ya hango dammai a jere wajen gabas da gari. Bai san na gonar wa ne ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Wanka,
Halidu