'Ya'yan Bishiyar Malam

Tandabawi, Makka

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya ƙafar Inna? Mu nan alhamdu lillahi.

Bishiyar da maigidana Malam ya dasa a tsakar gida ta fito da wasu ƙululai a rassanta. Maƙwabciyarmu Hajiya Kulu ta ce, "Aljanu ne, a sare ta!" Malam ya ce, "Abadan! 'Ya'ya ta fara." Ya hau tsani ba tabarau, ya cafko ɗaya. Ashe gidan rina ne! Bishiya dai ta tsira, amma fuskarsa ta kumbura, har mai kawo mana ruwa ya tambaye shi ina maigidan.

Ki sa shi a addu'a. Ki gai da kowa, amma kada Kawu ya ji, tsokana za ta yi yawa.

Ƙanwarki,
Rabi