Tayoyin Ƙasar Ƙanƙara a Hanyar Makka

Zuwa ga Ammu Salihu,
Mai shagon tayoyi a unguwar Al-Sih,
Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, tunda Ammu, wato baffa, muke kiran ka, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da sauran iyali. Ni ce Rabi'atu, matar marigayi Abu Yasir, mai haɗa magunguna a asibiti, wanda ka sani tun farkon zuwansa garin nan daga Zariya. Ba tarbiyyata ba ce in yi wa babba magana a bainar jama'a, kuma na san za a ce na yi rashin kunya. Amma na aiko maka a ɓoye har sau biyu, amsar da ta dawo mini ba ta taɓa abin da na tambaya ba. Shi ya sa na rubuta wannan, na kuma roƙi a yi kofe a raba wa mutanenmu Hausawa bayan sallar Juma'a, don duk wanda motarsa ke ɗauke da irin kayan da ka sa wa tamu ya sani.

Na farko, yadda aka sayi tayoyin.

Da sanyin bara maigidana ya sayi jif na hannu, don yara sun girma, ƙaramar motar ba ta ɗaukar mu da kaya idan za mu Umra. Ka san halinsa. Mutum ne da ko maganin tari ba ya ba yaro sai ya juya kwalbar ya duba ranar lalacewa. Ya ce tayoyin da suka zo da motar ba su kwanta masa a rai ba. Ya zaga shagunan Larabawa da na Indiyawa, kowa na yabon nasa, har ya rasa na zaɓa. Daga ƙarshe ya ce mini, "Ni magani na sani, ban san taya ba. Bari in je wurin Ammu, shi ba zai ba ni abin da ba zai sa wa motarsa ba."

Ya dawo yana murna. Ya ce ka hana shi na bakin ƙofa, ka sa an shiga cikin sito an fito masa da wasu guda huɗu 'yan Turai, masu zurfin zane da taushin roba, ka ce masa ba kowa kake nuna wa su ba. Kuɗinsu ya kusa ninka na sauran, bai nemi ragi ba. Har ƙasa ya kira ni in gani. Na leƙa ta taga na ce Allah ya sa alheri, don ni duk taya baƙa ce a wurina.

Na biyu, abin da ya same mu.

Da aka ba yara hutun ƙarshen shekara, a tsakiyar zafi, muka ɗaura harami muka kama hanyar Makka. Ba gudu yake yi ba. Ina gaba kusa da shi, Yasir da Safiya da autarmu suna baya suna talbiyya, yana gyara musu. Ba mu yi nisa sosai da Madina ba sai na ji ƙara daga ƙarƙashin motar, sitiyari ya ƙwace masa, na ji ya ce "Ya Allah" sau ɗaya. Abin da na sani ke nan. Na farfaɗo a asibiti da karayar kafaɗa. Kafin in iya zama an riga an yi masa salla a Harami an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Yasir da auta sun tsira da ƙujewa. Safiya ƙugunta ne ya karye, an yi mata aiki, kuma likita ya gaya mini kai tsaye cewa ɗingishin ba zai tafi ba. Yarinyar da ba ta iya hawa bene sai da gudu, yanzu sai ta huta a kowane hawa.

Takardar 'yan murur, 'yan sandan hanya, ta ce tayar baya ce ta fashe. Na karɓa a haka, na ce kwana ne ya ƙare. Ka zo ta'aziyya, na ji muryarka daga ɓangaren maza kana yi masa addu'a, na ji daɗi har raina.

Na uku, abin da aka gani a jikin tayar.

Abokin marigayi, Injiniya Bashir, shi ya je tashlih, inda ake tara motocin da suka lalace, don ya kwaso mana abin da ya rage a ciki. Ya yi karatunsa a ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe titi. Ya daɗe bai gaya mini komai ba, sai da na fita takaba ya zo da matarsa. Ya ce a gefen tayoyi ukun da suka rage ya ga wata 'yar alama, hoton dutse da ɗigon dusar ƙanƙara a cikinsa. Ya ce tayoyin hunturu ne na ƙasashen sanyi. An yi robarsu da taushi ne don ta kama titi mai ƙanƙara, kuma a can ma idan bazara ta shigo cire su ake yi a ajiye. Ya ce masu kyau ne ƙwarai, ba jabu ba ne, amma ba a yi su don kwaltar da ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi ba. Ya ƙara da cewa shekarar da aka buga a jikinsu ta nuna sun daɗe a ajiye kafin su iso hannunmu.

Ammu, ranar ban yi kuka ba. Na zauna ne kawai ina tuna yadda ya tsaya a ƙasa yana ɗago mini hannu in leƙo in gani.

Na huɗu, amsarka.

Na roƙi Injiniya ya je ya same ka cikin mutunci. Ka ce masa kwantena guda kake saya daga dillali, kai ba ka karanta rubutun Nasara, kuma mutane da yawa sun sa irinsu ba abin da ya same su. Ka rufe da cewa abin da Allah ya ƙaddara ba taya ke kawo shi ba. Da na sake aikowa, sai ga direbanka da buhun shinkafa da kwalin dabino daga gonarka ta Awali. Na gode, yara sun ci. Amma ba shinkafa na tambaya ba.

Na yi imani da ƙaddara, ba sai an tuna mini ba. Ita nake kwana da ita nake tashi. Sai dai marigayi ya sha faɗa cewa idan ya miƙa wa mara lafiya maganin da ba nasa ba, ba zai ce wa iyalansa ƙaddara ce ba, zai ce kuskurensa ne. Idan ba ka san abin da alamar take nufi ba, me ya sa ka ce masa su ne mafi kyau? Idan kuwa ka sani, to ba ni da abin da zan ce.

Na yi niyyar kai ƙara. Dattawanmu suka aiko matansu suka zauna da ni, suka ce kakanninka da ƙafa suka zo ƙasar nan, gidanku ya sauki baƙi ba adadi, bai kamata a ja Bahaushe gaban hukuma a kunyata mu duka ba. Ko da ban ji maganarsu ba, ina zan fara? Ni mace ce, baƙuwa, sai da wakili, kuma Yasir bai kai shekarun tsaya mini ba. Injiniya yana ƙarƙashin kafili, ubangidan da ke riƙe da izinin zamansa, yana da 'ya'yan da yake ciyarwa, ba zan jefa shi cikin rigima da ɗan ƙasa ba. Na haƙura, ba don na gamsu ba.

Na biyar, halin da muke ciki.

Iƙamarmu, wato izinin zamanmu a ƙasar nan, a kan ta marigayi take. Asibitin da ya yi wa aiki sun yi mana adalci, sun bar mu har yara su gama jarrabawar tsakiyar shekara, daga nan sai fita ta ƙarshe daga ƙasar. Na fara sayar da kayan ɗaki. Duka yaran nan a Madina aka haife su. Ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci. Zariya sau ɗaya suka taɓa ganin ta, suna ƙanana. Safiya ta tambaye ni ko a can akwai inda za a ci gaba da gasa mata ƙafa, na ce akwai, alhali ban sani ba. Yasir ya daina tambayar komai.

Kowa ya zo sai ya ce mini in gode wa Allah, mijina ya samu Baƙi'a. Na gode. Amma mata ba sa shiga, daga bayan shinge nake tsayawa in yi sallama, ban san wanne ne nasa ba. Nan gaba kaɗan ko shingen ma ba zan samu ba.

Duk wannan da na haɗiye shi na tafi da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya muna dawowa daga asibiti da Safiya, mai tasi ya bi ta gaban shagonka. Na ga irin tayoyin nan an fito da su daga sito an jera su a bakin ƙofa. Na gane zanen. Wani mutum na tsaye da farar jif, yaransa na wasa a kujerar baya, ma'aikacinka na gangaro masa da guda. Na buɗe baki in ce wa mai tasi ya tsaya, sai na rasa me zan ce idan na sauka, kuma wa zai saurare ni. Muka wuce. Yanzu sanyi ne, za su kai shi lafiya su dawo da shi lafiya, kamar yadda suka yi mana. Zafi kuwa yana tafe.

Don haka ga roƙona, kuma ba diyya a ciki, na yafe ta. Ka janye sauran tayoyin nan daga kasuwa, kada ka tura wa wani shagon. Ka nemi waɗanda ka sayar wa, yawancinsu mutanenmu ne, ka san gidajensu, ka ce su dawo a canja musu kafin zafi ya shigo. Sannan idan za ka iya, ka aiko mini da kalma ɗaya cewa kuskure aka yi, don in samu abin da zan gaya wa Yasir ranar da ya girma ya tambaye ni.

Ba na sa ran ko ɗaya daga ciki. Na ga yadda ake yi. Za a karanta takardar nan a ƙofar masallaci, a ce Allah sarki baiwar Allah, baƙin ciki ne ya taɓa ta, a ninke a sa aljihu. Kafin a gama maganar mun bar ƙasar, kai kuma kana nan inda kake. Ga sauran masu karantawa, ba na neman ku yi faɗa da kowa saboda ni. Ku dai durƙusa ku duba gefen tayoyinku. In kun ga dutse da ƙanƙara, kada ku ɗauki 'ya'yanku a kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ammu. Allah ya tsare 'ya'yanka da jikokinka a kan kowace hanya, kada ya nuna wa gidanka irin ranar da ya nuna wa nawa. Idan na saɓa maka a cikin wannan takarda, ka yafe mini, don ba na jin za mu sake haɗuwa a duniya.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi'atu, Ummu Yasir,
Madina.