Tauraron da Na Ɗora wa Amatullah

Unguwar Ali Kazaure, Jos.

Zuwa ga Aisatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Ta fara cin abinci kuwa? Allah Ya tashi kafaɗunta. Tunda ƙauyenku ya rantse ba zai bar waya ta shiga ba, ga takarda ta hannun direban da ke ɗauko mana shanu.

Na cika umarninki, na je na ga wasan da 'yarmu Amatullah take yi da takalmi mai taya, wanda suke kira rola dabi. A wani tsohon sito suke yi bayan Gada Biyu, a hannun Madam Cordelia, wata nas da ta koyo shi a ƙasar waje. Biyar-biyar ake shiga fili. Huɗu daga kowane ɓangare suna zagayawa a dunƙule, ni dai garke na sa musu suna. Ta biyar tana da tauraro a hularta, ita ke kutsawa ta cikin garken, bayan zagayen farko duk abokiyar hamayyar da ta wuce maki ɗaya ne. A cikin huɗun akwai mai layi a hula, sauran ukun aikinsu tare hanya, kansu babu alamar komai.

Aisatu, 'yarmu tana cikin marasa alamar. Ta tsaya ana bangaje ta, gumi ya jiƙa mata hijabi, sai wata 'yar firit, Nmachi, mai tauraron ƙungiyarsu, ta sulale ta gefenta a yi mata tafi. Raina ya sosu. Na samu Madam na ce ranar Asabar da za su kara da 'yan Bukuru a ba 'yata tauraron. Ta yi ta bayani da turanci, na tuna mata waye ya saya musu hulunan kwano, ta amince. Da na gaya wa Amatullah, ta sunkuyar da kai ta ce to. Kin san ta da kunya, irin taki.

Ki gaishe da Inna da mutanen gida. Tuwon da nake ci yanzu ba ya kama da naki.

Mijinki,
Babayo.

*

Zuwa ga Aisatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Inna. Amatullah lafiyarta ƙalau, na fara da wannan don kada hankalinki ya tashi.

Asabar ta zo, na kwashi abokaina daga kara, kasuwarmu ta shanu, har da Alhaji Badruddeen, su zo su ga 'yata da tauraro. Madam ta ba Nmachi hula mai layi. Aka busa usur. Amatullah tana da ƙarfi, amma ba ta iya sulalewa ba, 'yan Bukuru suka tsare ta a baya, tasu mai tauraron tana ta zagayawa tana kwasar maki. Ashe akwai doka: idan mai tauraro ta maƙale, tana iya cire shi ta miƙa wa mai layi, hannu da hannu, ita kuma ta ci gaba. Don haka ne ma aka yi mai layin. Duk wanda ke cikin siton ya san wannan sai ni.

Da na ga ta cire tauraron tana miƙa wa Nmachi, sai na ɗauka ta gaza ne, za ta kunyata ni a gaban mutane. Na miƙe na daka mata tsawa, na kira sunanta na ce kada ta kuskura. Aisatu, mu muka tarbiyyantar da ita. Uba ya kira, ta waiwayo. Nmachi tana nan da hannu a miƙe tana jira, wata 'yar Bukuru ta zo ta hagun Nmachi ta buge ta da kwankwaso, bugun da doka ta yarda da shi. Yarinyar ta faɗi a kan hannunta, ya karye a wuyan hannu. Har wurin da nake tsaye na ji ƙarar.

Tauraron ya faɗi ƙasa. Na tsallaka zan ɗauka, alƙalin wasa ya hana ni, ya ce ba mai taɓa shi sai su biyun. Haka na koma gefe, Alhaji Badruddeen ya ƙi kallona. Amatullah ce ta rungumi Nmachi har asibiti, ba ta ko tsaya cire takalman ba.

Ki yi mana addu'a. Ki gaishe da Inna.

Babayo.

*

Zuwa ga Aisatu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da direba ya ce Inna ta fara zama a waje. Allah Ya ƙara sauƙi. Ke kuma yaya gajiyar jinya?

Na je gidan su Nmachi. Mahaifinta, Oga Sylvanus, mai sayar da kayan babur ne. Na shirya shan zagi, sai ya ba ni kujera, ya ce wasa ne. Da ya zage ni da na fi samun barci. Yarinyar ta fito hannu a ɗaure, ta jera marafan kwalba a kan tebur ta koya mini wasan daga farko. Ta ce ita tunda take wasa ba ta taɓa duba hagunta ba, domin nan ne wurin Amatullah. Ta ce makin da ake tafa mata, 'yarmu ce ke buɗe mata hanyarsu, kuma duk ƙungiyar sun sani. Ni da na yi rayuwata a bayan shanu, ban tsaya na kalli garken da kyau ba, hula na kalla.

Tun ranar Amatullah ba ta sa takalman ba. Tana gaishe ni, tana kawo mini abinci, ba ta ƙara komai a kai. Madam ta aiko sau biyu, ta ce wata mai zuwa za su je Bukuru ramuwa, kuma wurinta yana nan. Jiya na kira Amatullah na ba ta haƙuri, na ce ta koma inda take so ta tsaya. Ta sunkuyar da kai ta ce to.

Irin wancan to ɗin ne, Aisatu. Na zauna ina juya shi, na kasa gane ko so take yi ko bin umarnina take yi, kuma na lura ban taɓa ganewa ba. Idan na sake magana, wani umarnin ne. Saboda haka ina roƙonki, ki hau tudun nan da kika ce waya tana kamawa, ki kira ta, ki tambaye ta abin da ita take so. Kada ki ce ni na sa ki.

Na goge tayoyin na zuba musu mai, na ajiye takalman a bayan ƙofarta. Da safe ta share ɗakin, ta zagaye su da tsintsiya.

Ki gaishe da Inna. Ki dawo da wuri.

Mijinki,
Babayo.